Yaro ya sha ruwan sodar sabulu, likita ya ce a huda ciki a sa tiyo: mu sa hannu?

Goggo Habsu, Garin Malam:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema, kuma don Allah wanda ya san abin shi ya yi magana. Ɗan ƙanena ne, shekararsa 3 da 'yan watanni, ya sha ruwan soda irin wadda ake haɗa sabulu da ita. Uwar tana cikin ƙungiyar mata masu yin sabulu. Ta gama aiki, ragowar ruwan sodar ta juye a gorar ruwa ta tura bayan randa. Fari tas yake, ba wari, shi kuwa ya shigo daga wasa da ƙishi. Yau kwana 47.

Makon farko baki ya kumbura, yawu na zuba. Aka kwantar da shi kwana 5 aka sallame mu. Ya ji sauƙi har tuwo ya ci, muka yi ta godiya ga Allah. Daga mako na huɗu sai abu ya juya. Tuwo ya fara dawowa, sai shinkafa, yanzu kunu ma sai an tsinka shi ya zama kamar ruwa. Jiya na gan shi yana tofar da yawunsa a moɗa don ba ya wucewa. Haƙarƙarinsa sai ka ƙirga.

An yi masa radiyo, wato hoton cikin jiki, bayan an ba shi wani farin ruwa ya haɗiya. Likita ya ɗaga hoton ya nuna mana, hanyar abincin ta koma kamar zare. Ya ce za su huda cikinsa su sa tiyo a riƙa ba shi abinci ta nan, sannan su gwada buɗa hanyar sannu a hankali. In ta ƙi, nan gaba sai babban aiki, a yanko hanjinsa a yi masa sabuwar hanya. Tsohuwarmu ta ce ba da ita ba, hakin wuya ne, a kai shi wajen wanzami. Uban yana tsakiya, shi ake jira ya sa hannu. Me za mu yi?

Maman Nafisa:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ce. Ni ma sabulu nake yi, wallahi jikina ya yi sanyi.

Ɗan Birni:
Allah ya sawwaƙe. Goggo, da ya sha me kuka fara yi masa?

Goggo Habsu, Garin Malam:
Man gyaɗa aka ɗura masa da nono, maƙwabciya ta sa masa yatsa a maƙogwaro ya yi amai. Sannan aka hau kabu-kabu.

Majo Laminu:
Wa alaikumus salam Hajiya. Na yi shekara da shekaru a ɗakin fiɗa kafin in yi ritaya, irin wannan yaron na gan su ba ɗaya ba, ba biyu ba. Ban ga naku ba, don haka maganar likitan da ya duba shi ita ce gaba da tawa. Amma zan gaya maki abin da ke faruwa a ciki.

Soda ba kamar ruwan zafi take ƙuna ba. Narkar da nama take yi, ta yi ta nutsawa ciki. Kwanakin farko ciwo ne da kumburi. In kumburin ya sace sai yaro ya fara ci, iyaye su ce an tsallake. Wannan sauƙin na yaudara ne. Gyambon yana warkewa ne da tabo, tabo kuwa tsukewa yake yi. Kin taɓa ganin wanda wuta ta ƙona a hannu, ya warke yatsun suka ƙanƙance? To haka ne, sai dai a cikin bututu. Daga mako na uku zuwa sama hanyar ke fara matsewa, daidai yadda kika ba da labari. Ba hakin wuya ba ne, ba beli ba ne. Inda matsalar take cikin ƙirji ne, askar wanzami ba ta kai can. Abin da zai samu kawai shi ne ya zubar wa yaron da ɗan jinin da ya rage masa.

Tiyon ciki ƙaramin aiki ne a cikin ayyukan da ake yi. 'Yar kafa ce a gefen hagu na ciki, sama da cibiya, tiyon ya shiga kai tsaye cikin tumbi. Kunu, madara, romo, ƙwai, duk abin da aka niƙa aka tace ana zuba shi da sirinji. Ba na har abada ba ne. Ranar da hanya ta buɗe aka cire shi, kafar takan rufe da kanta.

Su sa hannu. Yaron da yawunsa ba ya wucewa ba ya da makonni na jira.

Wata magana kuma ga sauran jama'a, ba don in sosa wa Hajiya inda ke mata ciwo ba: wanda ya sha soda ba a sa shi amai. Ta ƙona da za ta sauka, ta sake ƙonawa da za ta fito. Ba a ɗura mai, ba a ba da tsamiya ko lemun tsami wai don a kashe kaifinta. A wanke baki da fatar da ta taɓa da ruwa mai yawa, a ɗauki gorar a tafi da ita likita nan take.

Maman Nafisa:
Majo, mu fa a wajen koyon sabulun safar hannu da takunkumi kawai aka ce mana. Ba wanda ya taɓa cewa ga abin da za a yi in yaro ya sha.

Malam Isufu mai shago:
Ni ina da ja. Maganar tsohuwa kada a yi saurin watsar da ita. Ba wanzamin nake goyon baya ba, tsoron wuƙar nake fahimta. Ƙanen matata aka yi wa aikin ciki a wani wuri da ba zan faɗa ba. Ya shiga da ƙafarsa. Bayan kwana shida ɗinkin ya fara tsiyaya, wari ya cika ɗaki, aka sake mayar da shi ciki. Kullum ordinas, takardar sayen magani, kullum ordinas, har gonar gado ta tafi. Ranar da ya rasu ba wanda ya zauna da mu ya ce ga abin da ya faru. Takarda aka miƙo. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ɗan Birni:
Malam Isufu, Allah ya ji ƙansa. Amma kwana nawa ya yi a gida kafin a kai shi?

Malam Isufu mai shago:
Huɗu. Zazzaɓi ya yi ta yi kusan mako biyu, sannan cikin ya kumbura.

Majo Laminu:
Allah ya gafarta masa. Zazzaɓin mako biyu sannan ciki ya ɗaure, nan ƙasar tamu abin da ya fi kawo haka taifot ce ta huda ƙaramin hanji. In ƙazanta ta kwana huɗu tana yawo a ciki, naman hanjin ya zama kamar jiƙaƙƙiyar takarda, kana ɗinkewa zaren na yagawa. Sau da yawa haka ake kawo mana mutum, in ya rasu a ce wuƙa ta kashe shi.

Sai dai inda ka ce ba a yi maku bayani ba, nan ba ni da bakin kare kowa. Laifinmu ne mu ma'aikata. Na sha ganin an miƙa wa mutum takarda da Faransanci a ce ya dangwala yatsa, bai san abin da ya yarda da shi ba. Shi ya sa nake ce wa ƙanen Hajiya, kafin ya sa hannu ya zauna da likitan ya yi tambaya da Hausa: tsukewar wuri ɗaya ce ko da yawa? Tsawonta nawa? Tumbin ya ƙone ko ya tsira? Sau nawa za a dawo buɗawa? Haƙƙinsa ne, ba rashin kunya ba ne.

Malam Isufu mai shago:
Wannan gaskiya ce. Da haka aka yi mana da ban riƙe abin a zuciya har yau ba.

Alhaji Mamman direba:
Ku bari in ba ku nawa, ni da aka yanka na tashi. Azumin shekara uku da suka wuce, ina hanyar Zinder zuwa Tanut kullum. Baya na ciwo, sai in sayi ƙwayoyin nan wajen masu tallar magani a faranti, in watsa biyu da sahur, biyu da shan ruwa. Ƙwannafi kuwa na daɗe da shi, kanwa nake jiƙawa in sha. Ranar 19 ga wata, bayan la'asar ina tsaye a tasha, sai na ji kamar an soka mani wuƙa a ƙahon zuci. Ban iya miƙewa ba. Cikina ya yi tauri kamar allo, ko numfashi sai guntu-guntu. Ga abin mamaki, kafaɗata ita ma ta ɗauki ciwo. Bayan 'yan awoyi ya ɗan lafa, na ce to iska ce, na ƙi zuwa ko'ina. Ɗana ne ya ɗauke ni da ƙarfi washegari da safe.

Da aka yi radiyo likita ya nuna wa ɗana wani baƙin abu ƙarƙashin haƙarƙari kamar jinjirin wata. Ya ce iska ce ta fita daga tumbi, gyambo ya huje. A daren aka shiga da ni. Wai ramin bai fi ƙwayar wake ba. Ƙwayar wake, jama'a, ta kusa kai ni kushewa. Na farka da tiyo a hanci, wani a gefen ciki, kwana biyar ko ruwa ban kurɓa ba sai na jijiya. Sallah a gado na yi ta. Yau ga ni ina cin kilishi.

Goggo, ki gaya wa Inna, Alhaji Mamman ya ce zai zo ya ɗaga mata riga ta ga ɗinkin.

Ɗan Birni:
Alhaji a dai yi sallama kafin a ɗaga rigar.

Sani ɗalibin likita:
Alhaji, abin da aka yi maku a littafi sunansa facin Graham, sunan wani likitan Kanada da ya bayyana shi a 1937. Akwai wata rigar kitse da ke lulluɓe da hanji, kowa ya taɓa ganinta in an feɗe rago ranar layya. Ita ake jawowa a toshe ramin a ɗaure, sannan a wanke ciki da ruwa mai yawa. Ciwon kafaɗar kuma iskar ce ta taɓa tantanin da ya raba ƙirji da ciki, jijiyarsu ɗaya da kafaɗa.

Da can gyambon ciki yanke shi ake yi. Wani likita Bilrot a birnin Biyana shi ya fara yanke wani sashe na tumbi mara lafiya ta tashi, a 1881, nata ma ciwon daji ne. Aka yi kusan shekara ɗari ana yanke wa masu gyambo tumbi ko jijiyar da ke sa shi tsami. Sai a 1982 wasu likitoci biyu a Ostareliya, Mashal da Waran, suka gano wata ƙwayar cuta ce ke zaune a tumbi tana haddasa mafi yawansa. Ba a yarda da su ba, har Mashal ɗin ya shanye ƙwayar da kansa ya kamu don a gani. A 2005 aka ba su kyautar Nobel. Yanzu da magani na mako biyu ake kashe ta, haɗin masu kashe ƙwayar cuta da mai rage tsami irin omefirazol. Wuƙa sai in ya huje, ko jini ya ƙi tsayawa, ko tabo ya toshe mafitar tumbin, ko an ga daji.

Hajiya Zuwaira:
Sani ba jarrabawa ake ba, ɗana. Yaro na can ba ya haɗiyar yawu kana kai mu Ostareliya.

Sani ɗalibin likita:
Ki gafarce ni Hajiya. Don Alhaji na faɗa, in ba a kashe masa ƙwayar ba gyambon yana iya dawowa ko da an yi faci.

Alhaji Mamman direba:
An ba ni, na shanye. Kuma an raba ni da masu faranti, an raba ni da taba. Azumin bara sai da na je likita ya duba ni tukuna.

Malam Habu, Sabon Gari:
Haka ya dace. Allah da kansa ya yi wa mara lafiya rangwame a Suratul Baƙara, ya sha ya rama a wasu kwanaki. Mutum ya ƙi karɓar sauƙin da aka yi masa ba ƙarin taƙawa ba ne. Batun yaron nan kuma, neman magani ba ya karo da tawakkali. A yi addu'a, a yi sadaka, a sa hannu.

Mai Maganin Gargajiya:
Akwai haɗi na musamman mai buɗe maƙogwaro cikin kwana bakwai ba tare da aiki ba, an gwada an gani. Mai buƙata ya same ni ta gefe.

Ɗan Birni:
Bawan Allah, yaron da ruwa ba ya wuce masa ta ina zai sha haɗin naka? Na goge lambar da ka sa. Ka sake, in fitar da kai.

Hajiya Zuwaira:
Ni tambayata ga Majo. Buɗawar da ake cewa, yaya ake yin ta? Kuma in abin zai kai ga babban aiki, me zai hana a yi shi yanzu a huta, maimakon a yi ta wahalar da yaro? Ko su wuce Kano ko Yamai tun da wuri?

Majo Laminu:
Hajiya, ana sa yaron barci ne, a zura waya siririya ta bi ta matsatsin, sannan a bi ta da wasu sanduna masu laushi, daga ƙarama zuwa wadda ta ɗan fi ta. Ba a yi da gaggawa, don in aka matsa da yawa bangon yana iya yagewa, wannan kuwa babban hatsari ne. Ana yi a bari 'yan makonni a sake. Wani yaro sau kaɗan ya wadatar, wani sai an yi ta dawowa har shekara. Tsukewa gajera a wuri ɗaya ta fi jin magani. Mai tsawo ko mai yawa ita ke gardama.

Babban aikin ba a yin sa yanzu saboda abu biyu. Na ɗaya, tabon bai gama nuna ba, sai an ba shi watanni, galibi shida zuwa sama, a ga iyakar inda ya tsaya. Na biyu, jikin yaron. Aiki ne na awoyi, a yanko wani yanki na babban hanji da jijiyoyin jininsa, a biyo da shi ta ƙirji, sama a ɗinke shi a wuya, ƙasa a tumbi. Wani lokaci tumbin ne ake jawowa sama. Ɗinki ba ya kamawa a jikin da yunwa ta cinye. Ba a fafe gora ranar tafiya, tiyon nan shi ne fafewar.

Zancen tafiya, daga nan Zinder zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne, Kano ta fi kusa nesa ba kusa ba. Amma kada su ɗauki yaro a wannan hali su kama hanya don wani ya ce can ya fi. A fara ciyar da shi a nan. In lokacin babban aiki ya zo, likitansa ne zai ce ga inda ake yi, ya rubuta takardar turawa, su tafi da hotunansu.

Kuma ko ya warke, ya girma, ya yi gemu, a gaya masa ya taɓa shan soda. Wurin da ya ƙone yana buƙatar a riƙa leƙa shi, don bayan shekaru masu yawa yakan rikiɗe ya zama daji.

Maman Nafisa:
Kuɗin fa? Ai an ce yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta ne.

Sani ɗalibin likita:
Tun 2006 aka kafa wannan dokar.

Malam Isufu mai shago:
Doka tana nan. Amma su tanadi abin hannu, in magani ya yanke a ciki a waje za ka saya. Ga madara, ga ƙwai kullum na watanni. Ni na sa jika biyar, Ɗan Birni ya buɗe asusu.

Alhaji Mamman direba:
Kai da ka ce gara ƙin tashi?

Malam Isufu mai shago:
Na ce ina da ja, ban ce ba ni da zuciya ba.

Goggo Habsu, Garin Malam:
Na gode jama'a, Allah ya bar zumunci. Na karanta wa ƙanena duka, na karanta wa Inna na Majo da na Alhaji. Ba ta ce komai ba, ta juya fuska bango. Da dare na gane abin da ke cin ta. Ashe ba wanzami ne a ranta ba. Wata jikar ƙawarta ce aka taɓa sa wa tiyo a hanci, ba ta kwana biyu ba ta rasu, ita a wajenta tiyo alamar an sallama mutum ne. Abu na biyu, mutane sun yi ta zagin uwar yaron, har dangin uban wasu na cewa a sake ta. Yarinyar ba ta ci ba ta sha, ita ma ta rame.

Hajiya Zuwaira:
Wannan kuma zalunci ne. Da sabulun nan take sayen omo da anko da kuɗin makarantar allo. Wace ce a cikinmu ba ta taɓa zuba kananzir ko maganin ɓera a gorar lemu ba? Habsu, ki ba ni kwatancen gidan ta gefe, gobe in Allah ya kai mu zan zo in ga Inna, tsara ta ce kusan.

Maman Nafisa:
Na fito da gorori uku daga ƙarƙashin gado yanzun nan, na zubar a masai. Gobe akwai taron ƙungiyarmu, zan karanta masu saƙon Majo.

Goggo Habsu, Garin Malam:
Assalamu alaikum, bayan kwana tara. Uban ya je ya zauna da likita, ya yi tambayoyin nan huɗu. Tsukewar wuri biyu ce, ɗaya gajera ɗaya ta ɗan yi tsawo, tumbin bai taɓu ba. Ya sa hannu ranar Litinin, aka yi ranar Talata, ba su daɗe a ciki ba. Yanzu sau shida a rana ake ba shi, an auna shi jiya ya ɗan ƙaru. Buɗawar farko sai nan da mako biyu. Likita bai yi mana alkawarin za a tsallake babban aikin ba.

Inna ce ke riƙe da sirinjin, ta hana kowa. Ita ke dama kunun gyaɗa, ta tace sau biyu da kallabi sabo, ta ɗiga a bayan hannunta ta ji ɗuminsa, ta yi bisimilla ta tura a hankali. Abin da ke karya mana zuciya in ya ga yara da ƙosai, sai ya miƙa hannu yana kuka ko da cikinsa a cike. Mun koma cin abinci a zaure.

Majo, gefen tiyon ya ɗan yi ja kuma yana jiƙa ƙyallen. Mu jira ranar komawa ko mu kai shi?

Majo Laminu:
Alhamdu lillahi. A wanke gefen da ruwan da aka tafasa ya huce, a shanya shi sosai, a canza ƙyallen duk ya jiƙe, a kuma bi kowane abinci da ruwa kaɗan don kada tiyon ya toshe. Ɗan ja ba abin tsoro ba ne. In jan yana yaɗuwa, ko mugunya, ko zazzaɓi, a kai shi ranar. In kuwa ya fizge tiyon ya fita, ko tsakar dare ne kada a jira safiya, kada kuma a ce za a mayar a gida, kafar tana saurin rufewa. Ku sa masa riga mai tsawo a soke ta cikin wando don hannunsa ya daina kaiwa wurin.